Shaf: Kalmar Da Ta Shigo Hausa Ta Garejin Makanikai

Wanda ya nemi kalmar shaft a ƙamus na Turanci zai tarar da ma'anoni jere kamar ba na kalma ɗaya ba. A tsohon Turanci sandar mashi ko ta kibiya take nufi. Daga nan aka laƙaba ta ga kusan duk abu dogo, siriri, miƙaƙƙe: ƙotar guduma, jikin ginshiƙi, hasken rana da ya ratso ta taga, rami mai zurfi da masu haƙar ma'adinai ke sauka cikinsa, da ramin da lif ke hawa da sauka a dogon bene. A bakin Amurkawa ma har cutar mutum take nufi. Cikin duk wannan tarin Bahaushe ma'ana ɗaya tak ya ara, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin inji, ya kira ta shaf. A ganina daidai ya yi.

Hujjar tana gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwa kan gangaro da kansa ta manyan hanyoyin da aka haƙa masa, amma mai gona a kan tudu ko a ƙarshen layi sai da injin ban ruwa, wanda ya ƙara yaɗuwa da shirin Fadama a farkon shekarun 1990. Idan makanike ya kwance injin a bakin gona, abin da za ka gani shi ne: fistin yana sama da ƙasa, kiranshaf yana mayar da motsin nan juyi, a bakinsa kuma an ɗaure fankar da ke tunkuɗa ruwa cikin tiyo. Boris ne ke riƙe da shaf ɗin, sil kuma ke tare ruwa kada ya yoyo. In aka bar injin yana gudu babu ruwa, sil ya ƙone. In tiyo ya zuƙo yashi, ya ci fanka. In shaf ya ɗan lanƙwashe, injin ya kama rawa har boris ya watse. Haka abin yake a injinan casar shinkafa na garin Kura, inda bel ke ɗaukar juyi daga wani shaf zuwa wani. Kakanninmu da ke ban ruwa da jigo ba su san wannan ƙarfe ba, to ina za su samo masa suna?

Masu kishin harshe kan ce a ƙirƙiro masa na Hausa, a ce sandar juyi ko makamancin haka. Niyyarsu mai kyau ce, sai dai sun makara. Manomin da tumatirinsa ke yaushi, in ya je kasuwar Ƙofar Ruwa neman sandar juyi, kallonsa kawai za a yi. Kuma aron bai rage Hausa da komai ba, domin inda muke da namu ba mu ara ba: fartanya tana nan da ƙotarta, kibiya da kyauronta, rijiya da raminta. A nan ma Hausa ta fi Turanci rarrabewa.

Ƙorafin da ya fi wannan nauyi shi ne na malamai, cewa yaron da ya tashi bai san shaf ba sai na inji zai rikice ran da ya gamu da kalmar a darasin haƙar kwal na Inugu. Gaskiya ne, amma gyaran na aji ne, ba na gareji ba. A koya wa ɗalibi duba jimla kafin ya yanke ma'ana. Haka mai fassara labarai a rediyo: in aka ce shaft ya rufta da masu haƙar zinari, rami ne ya rufta, ba ƙarfe ba.

Saboda haka masu rubuta wa manoman rani takardun wayar da kai su rubuta shaf da boris da sil yadda makanike ke faɗa, sannan su bayyana aikin kowanne. Kai kuma mai inji, in an ce maka shaf ya tafi, ka ce a kwance a nuna maka kafin ka biya kuɗin sabo.