Yarinya ta daina cin abinci: me manhajar hira ke ce mata?

Tun da Meta AI ya shigo WhatsApp a Kamaru a watan Yulin 2024, 'yammata da dama, daga Maga har Garwa, suka samu wanda za su tambaya ba tare da jin kunya ba. Iyaye kuma sai maganganu iri-iri suke ji.

An ce waɗannan manhajoji na koya wa yara zama da yunwa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. A 2023, ƙungiyar NEDA ta Amurka, mai taimakon masu ciwon ƙin cin abinci, ta dakatar da manhajarta mai suna Tessa, bayan ta shawarci masu wannan ciwo su rage ci su riƙa hawa sikeli duk mako. A shekarar ce kuma wata cibiyar bincike mai suna CCDH ta gwada manhajoji 6, ta samu amsa mai cutarwa a kashi 41 cikin 100 na tambayoyinta. Amma cewa da gangan aka ƙera su don haka, ƙarya ne. Sau da yawa sukan yi gargaɗi, su ce a je asibiti.

An kuma ce ƙin cin abinci ciwon Turawa ne, ba ya kama 'yar da ta tashi kan shinkafar kamfanin SEMRY da kifin tafkin Maga, a ƙasar da ake yabon mace mai jiki. Wannan maganar ce ta fi damuna. A 2004 aka wallafa binciken da aka yi kan ɗalibai mata 668 a arewa maso gabashin Ghana. An samu 10 da suka rame matuƙa don suna hana kansu abinci, kuma ba tsoron ƙiba suka ambata ba, ibada da kame kai suka ce. Haka 'yar tamu za ta ce: azumin nafila nake, ko ulsa ce, ko cikina ba ya karɓa. Manhajar da ta fi sabawa da kalaman masu tsoron ƙiba tana iya ɗaukar wannan a matsayin tambayar ibada ko ta ciwon ciki, ta amsa cikin ladabi, ta wuce.

Don haka masu cewa manhaja ta fi likita gane ciwon sun yi kuskure. Abin da aka tura mata kaɗai take gani. Ba ta ganin warwaron da ke zamewa daga hannu, ba ta san tuwon ya koma kicin yadda ya fito ba.

Ba kowace rama ce wannan ciwo ba, musamman a yankin Mayo-Danay da ambaliyar 2024 ta cinye gonaki. Tarin fuka, tsutsar ciki da yunwa ta gaskiya duk suna ramarwa. Amma idan abinci na nan, yarinya na ta ramewa, al'adarta ta ɗauke, tana jiri, tana jin sanyi ko a zafin Afrilu, a kai ta asibitin Maga, ko Yagwa, ko Marwa. Kada a ɗura mata abinci mai yawa lokaci guda, domin hakan kan taɓa zuciyar wanda ya daɗe bai ci ba. Likita ne zai tsara yadda za a dawo mata da ci sannu a hankali.