Kibiya mai gudu: yadda ake zaɓar abin bara kafin a fara atisaye

Wanda ya sayi baka na zamani yakan kashe hankalinsa da kuɗinsa a kan bakan da kibau, ya bar abin da zai tare kibiyar sai daga ƙarshe. A nan ne kuskuren yake, musamman ga mazaunin Abuja da zai yi atisaye a bayan gida, inda katanga ɗaya ce tsakaninsa da maƙwabci.

Bakan da ake gasar Olamfik da shi yana tura kibiya da gudun kusan mita 60 a daƙiƙa. Baka mai tayoyi kuwa, wanda Ba'amurke Holless Wilbur Allen ya samu haƙƙin mallakarsa a 1969, yana kai wa mita 90 a daƙiƙa, wani ma ya zarce. Tazarar ba ƙarama ba ce, domin idan nauyin kibau ɗaya ne, ƙarin gudu daga 60 zuwa 90 yana ninka ƙarfin sukar fiye da sau biyu. Ga shi kuma kibau na kabon sirara ne, suna nutsewa fiye da masu kauri. Shi ya sa abin barar da ya ishi mai koyo yakan zama rariya a gaban baka mai tayoyi.

Sai a bambanta abu biyu. Akwai takardar da ke ɗauke da da'irori masu launi, akwai kuma matarin da ake manna ta a kai. A ƙa'idar hukumar World Archery, 'yan Olamfik suna harbi daga mita 70 a kan takarda mai faɗin santimita 122, masu baka mai tayoyi kuma daga mita 50 a kan ta santimita 80. Takarda maki kawai take nunawa, matari ne yake tsayar da kibiya.

Iri uku aka fi sani. Na farko buhu ne da aka danƙare da zare ko tsumma. Yana da sauƙin kuɗi, kuma zare kibiya daga cikinsa ba wuya, amma da kibiya mai tsini zalla ya dace. Mai kai irin na wuƙa, ta farauta, yanka shi take yi ta maƙale a ciki. Wanda zai haɗa nasa da ragowar yadin tela ya cire zif da maɓallai, ya danna cikon sosai. Na biyu falle-fallen soso ne mai tauri da aka jera aka matse, kibiya tana shiga tsakaninsu, matsi ya riƙe ta. Irinsa kuma akwai dunƙulen soso da raminsa ke haɗewa bayan an zare kibiya. Wannan ya fi tsada, shi ne kuma ya fi jure kibiyar farauta. Na uku faifan ciyawa ne da aka naɗe aka ɗinke. Yana da nauyi, yana riƙe kibiya har zarewa ta zama aiki, kuma ruwa yana ruɓar da shi. Soson katifa ba ya cikin lissafi, kibiya mai gudu ratsa shi take yi.

Kafin a biya kuɗi, a duba lambar da kamfani ya rubuta tare da haruffan FPS, wato ƙafa nawa kibiya ke ci a daƙiƙa. Mita 90 ƙafa 300 ne ko kusa da haka, saboda haka a nemi matarin da lambarsa ta haura ta bakan. Mai koyo ya ɗauki mai faɗi, tun da kuskure ba ya rasuwa. Araha ba ta ado: matarin da ya bari kibiya ta nutse har fikafikanta zai lalata su, kuma idan ta ratsa ta bugi bulo tana iya tsagewa ba tare da ido ya gani ba. Tsagaggiyar kibiyar kabon takan karye a lokacin sakin tsarkiya, ta soki hannun da ke riƙe da baka. A riƙa lanƙwasa kowace kibiya kaɗan, idan an ji ƙara ko an ga tsaga a jefar da ita.

Rana tana busar da soso har ya fara marmashewa, damina kuma tana jiƙa buhu, don haka a shigar da matari inuwa bayan atisaye. A riƙa sauya gurbin da ake hara, kada tsakiya ta rarake.

Duk kyan matari, wata rana za a kuskure shi. Ragar da ake ratayawa a baya ba abin dogaro ba ce ga kibiya mai gudu. Idan akwai gida, hanya ko wurin wasan yara a bayan inda aka kafa matarin, a tafi fili mai sarari a yi atisayen a can.