Yadda Maƙalar Bincike Take Shiga Muhawarar Masana: Misali Daga Nazarin Tarihin Daura

Ɗalibin da ya tashi rubuta maƙala a kan labarin Bayajidda yakan fara ne da abin da kowa ya sani: zuwan baƙo daga gabas, kisan maciji a rijiyar Kusugu, aurensa da Daurama, da haihuwar Bawo wanda 'ya'yansa suka kafa garuruwan Hausa Bakwai tare da Biram. Idan ya tsaya nan, labari ya bayar. Maƙalar bincike tana farawa ne daga inda marubuci ya gano cewa an daɗe ana muhawara a kan wannan labari, sannan ya nuna gurbin da shi zai tsaya a cikinta.

Tsarin maƙala sananne ne ga masu karanta wannan mujalla: tsakure, gabatarwa, bitar ayyukan da suka gabata, hanyoyin gudanar da bincike, sakamako, kammalawa da manazarta. Sai dai sashen da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi shi ne bitar ayyukan da suka gabata, alhali shi ne ke ɗaure maƙala da sauran ilimi. Sau da yawa akan jero sunaye ne kawai, wane ya ce, wane ma ya ce, a rufe da cewa "aikinsa ya yi kama da wannan, amma sun bambanta". Ba a nuna wa ya gina a kan wa, wa ya rushe maganar wa.

Nazarin Daura ya nuna illar hakan a fili, domin ayyukan da aka yi a kansa amsa wa juna suke yi. H. R. Palmer, a cikin Sudanese Memoirs na 1928, ya buga riwayoyin Daura, kuma ya karkata ga danganta Bayajidda da Abu Yazid, madugun tawayen da ya yaƙi Faɗimawa a Arewacin Afirka ya rasu a 947. W. K. R. Hallam ya ɗauki wannan zare a maƙalarsa ta 1966 a mujallar Journal of African History, inda ya ga cewa labarin yana ɗauke da ɓurɓushin wata ƙaura ta haƙiƙa daga arewa. Bayan shekara huɗu, a 1970, Abdullahi Smith ya juya akalar zancen. A wurinsa daulolin Hausa sun tsiro ne daga cikin ƙasar, ta hanyar bunƙasar ƙauye zuwa gari, gari zuwa birni, ba don wani jarumi ya zo ya kafa su a dare ɗaya ba. J. E. G. Sutton ya ƙara rura wutar a 1979, sannan Dierk Lange ya komo da labarin tsakiyar fage, yana neman tushensa a tsoffin al'ummun Gabas ta Tsakiya, yana kuma kafa hujja da bikin Gani na Daura. Masana da dama ba su gamsu da Lange ba, kuma rashin gamsuwar nan ma wani yanki ne na abin da ya wajaba mai bita ya kawo.

Wanda ya karanta waɗannan ayyuka a jere zai ga cewa tambayar da ake yi ta sauya. Da ana tambaya daga ina Bayajidda ya fito. Daga baya aka koma tambayar yaushe labarin ya ɗauki siffarsa ta yanzu, kuma wa ya amfana da shi. Maƙalar da ta ambaci Palmer da Abdullahi Smith a jimla ɗaya a matsayin masu goyon bayan magana guda, ta tona wa marubucinta asiri cewa bai karanta ko ɗaya ba.

Abu na biyu shi ne bin madogara har tushenta. Malaman hadisi sun daɗe da koyar da cewa ba a karɓar magana sai an san isnadinta, kuma wannan ƙa'ida ce dai take aiki a nan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Infaƙul Maisuri da ya rubuta a 1812, Bawo ya ambata, yana mai danganta shi da Sarkin Borno a matsayin bawansa. Mai binciken da ya kwaso maganar daga wani kundin digiri, wanda shi ma daga wani kundin ya kwaso, zai iya jingina wa Bello labarin Bayajidda cikakke, da maciji da rijiya, ba tare da ya san ya yi masa ƙage ba. Haka nan akan haɗa Abdullahi Smith, malamin tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, da M. G. Smith, masanin halayyar al'umma ɗan Jamaika wanda ya rubuta The Affairs of Daura a 1978. Kuskure ne ƙarami a ido, amma yana rikita mai karatu, domin littafin na biyu ya fi mayar da hankali ne a kan sarautu da siyasar Daura, Zango da Baure daga 1800 zuwa 1958.

A fagen hanyoyin bincike kuwa, Daura tana da wata sarƙaƙiya tata. Jihadi ya kawar da sarautar Hausa daga birnin a farkon ƙarni na 19, zuriyarta ta koma Zango da Baure, har Turawan Ingila suka dawo da ita a 1906. Saboda haka riwayar da aka ɗauko a fadar Daura, da wadda aka ɗauko a Zango, da wadda makaɗi ya rera, kowace tana da matsayin mai faɗarta. Rubuta "wata majiya ta ce" bai wadatar ba. Ana buƙatar a faɗi muƙamin mai bayanin, da wurin hirar, da ranarta, da ko shi ma a littafin makaranta ya karanta abin da yake faɗi, domin riwayar baka takan koma baki bayan ta ratsa ta takarda.

Kafin a buga maƙala, editoci kan aika ta ga masana biyu ko fiye su tantance ta ba tare da sun san marubucin ba. Tambayarsu ta farko ita ce me wannan aiki ya ƙara. A nan manazarcin Hausa yake da damar da Palmer da Hallam ba su samu ba irin tasa: yana jin kirarin sarautu, da take, da waƙoƙin fada a cikin harshensu, yana iya kwatanta lafazin Dauranci da na Kananci ko Katsinanci. Sai dai akasarin muhawarar da aka ambata da Ingilishi aka yi ta, a mujallun da ba kowane ɗakin karatu ke da su ba. Wanda ya rubuta da Hausa sai ya ɗauki nauyin kawo hujjojin waɗancan masana cikin amana, ya kuma sa wa maƙalarsa tsakure na Ingilishi da muhimman kalmomi, don mai nema a intanet daga Landan ko Yamai ya iske ta ya ba ta amsa.