Jirgin Gangara A Tsakiyar Hunturu: Yadda Gidajen Wasa Na Amurka Ke Neman Riba Lokacin Kirsimeti

Da misalin ƙarfe shida na yamma a watan Disamba, duhu ya riga ya rufe garin Mason da ke Jihar Ohio ta ƙasar Amurka, sanyi kuma ya kai matsayin da in mutum ya buɗe baki sai a ga tururi na fita. Duk da haka, a gidan wasa na Kings Island akan tarar da jama'a sun ja layi, kowa ya duƙunƙune cikin rigar sanyi da safar hannu, suna jiran shiga wani jirgi da zai ɗaga su sama har mita 33, sa'an nan ya sako su ƙasa da gudun kilomita 85 a sa'a guda.

Wannan jirgi, mai suna Mystic Timbers, yana daga cikin irin waɗanda Turawa ke kira rola-kosta, wato jerin taragai marasa rufi da ke bin layin dogo mai hawa da gangara da murɗiya. A nan za mu kira shi jirgin gangara. Ga wanda ya hau, abin bai wuce 'yan mintoci na ihu da iska mai yankar fuska ba. Amma ga kamfanin da ya kashe dalar Amurka miliyan 15 wajen gina shi a shekarar 2017, kowane zagaye da jirgin ya yi a daren hunturu amsa ce ga wata tsohuwar tambaya ta tattalin arziki: me za a yi da jarin da ke kwance?

Asalin matsalar ita ce gajartar kakar ciniki. A jihohin arewacin Amurka, inda dusar ƙanƙara ke sauka, gidajen wasa sun saba buɗe ƙofa a watan Afrilu ko Mayu, su rufe a ƙarshen Oktoba. Kamfanin Cedar Fair, wanda ya sayi Kings Island da wasu gidajen wasa a 2006 kan dala biliyan 1.24, ya sha bayyana wa masu hannun jarinsa cewa mafi yawan kuɗin shigarsa yana samuwa ne cikin kwanaki 130 zuwa 140 kacal a shekara. Sauran kwanakin kuwa, ƙarfe da katako na miliyoyin daloli suna tsaye ba su kawo ko sisi, alhali kuɗin ruwa na banki, da inshora, da harajin fili, da albashin ma'aikatan dindindin ba su san hunturu ba.

Manomin da ya taɓa yin noman rani zai fahimci dabarar nan take. Gona dai tana nan, ko an shuka ko ba a shuka ba. Saboda haka tambayar ba ita ce ko amfanin rani zai biya kuɗin sayen gonar ba. Tambayar ita ce ko zai biya kuɗin iri da ban-ruwa da ƙwadago, ya bar ɗan rara. Haka lissafin yake a gidan wasa. In kuɗin da aka tara a daren Disamba ya zarce na lantarki da kayan ado da ma'aikatan wucin gadi na wannan dare, to rarar takan rage nauyin kuɗaɗen da dole a biya su ko da ƙofa na rufe.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Kings Island ya fara bikinsa na hunturu, mai suna WinterFest, a 1982, ya ci gaba da shi har 1992. Gidan wasa na Hersheypark da ke Jihar Pennsylvania ya soma nasa a 1983, Six Flags Over Texas ya biyo baya a 1985, shi kuma Dollywood na Jihar Tennessee a 1990. Sai dai tarihin Kings Island kansa ya nuna cewa ribar ba ta da tabbas: an dawo da bikin a 2005, aka sake ajiye shi bayan shekara guda, bai kuma dawowa ba sai a 2017.

Bikin yakan fara ne a ƙarshen Nuwamba ya ƙare a jajibirin sabuwar shekara, a zaɓaɓɓun darare. Akan lulluɓe hasumiyar gidan wasan, wadda aka kwaikwayo daga Hasumiyar Eiffel ta birnin Paris, da fitilu har ta koma kamar bishiyar Kirsimeti mai tsayin kusan mita 96, babban tafkin da ke gabanta kuma a mai da shi filin sulu a kan ƙanƙara. Samuwar ƙananan fitilun zamani masu ƙarancin cin wuta ta taimaka ainun, domin ta sa kunna miliyoyin ƙwayaye har tsawon makonni ya zama abin da aljihu zai iya ɗauka.

To amma mai zuwa domin jiragen gangara ya kamata ya san cewa kaɗan daga cikinsu ne ke aiki. Manyan jiragen gidan, irin su Orion, wanda aka buɗe a 2020 kan dala miliyan 30, da The Beast na 1979, wanda ya yi suna wajen tsawon layin katako, ba su ne jigon bikin ba. Dalilin yana cikin yadda jirgin ke tafiya.

Galibin jiragen gangara ba su da inji a jikinsu. Sarƙa ce ke jan taragan zuwa ƙololuwar tudun farko, daga nan sai nauyinsu ya kai su har ƙarshen layi. Injiniyoyi sun auna tsayin kowane tudu bisa gudun da ake sa ran jirgin zai zo da shi. Idan sanyi ya tsananta, giris ɗin da ke cikin boris na ƙafafun yakan yi kauri, ƙafafun su riƙa jan jiki, gudun ya ragu. In aka yi rashin sa'a iska ta taso ta gaba, jirgin na iya kasa haye wani tudu, ya dawo da baya, ya yi ta lilo har ya tsaya a kwari tsakanin tudu biyu. Wannan ba kasafai yake zama haɗari ga rai ba, amma sauko da fasinjoji cikin sanyi da janyo taragan da injin ɗaga kaya aiki ne mai cin lokaci da kuɗi.

Saboda haka kowane jirgi yana da iyakar sanyin da ba a wuce ta, kuma a gidaje da yawa iyakar tana kusa da digiri 4 ko 5 a ma'aunin Salshiyas. A yankin Cincinnati, inda Kings Island yake, zafin rana a watan Disamba yakan tsaya kusa da digiri 6, da dare kuma ya sauka ƙasa da sifiri. Ma'aikata kan ɗumama ƙafafun taragai kafin a fara, su yi ta zagayen gwaji da gumakan roba cike da ruwa a madadin mutane, kuma da zarar jirgi ya soma aiki ba a son ya daɗe a tsaye, don kada ya huce. Duk da haka, mutum na iya biyan kuɗin shiga, ya bi layi, ya zo gab da hawa a ce an rufe.

Abin mamaki shi ne, a cikin ƙanƙara aka haifi wannan wasa. Tun ƙarni na 17 mutanen Rasha ke gina tudun katako, su kwarara masa ruwa ya daskare, su riƙa sulalowa a kai. Shi ya sa har yau Faransawa ke kiran jirgin gangara da sunan duwatsun Rasha. Sai a 1884 ne LaMarcus Thompson ya buɗe nasa mai ƙafafu a Coney Island ta birnin New York, yana karɓar santi biyar a kan kowane mutum. Wato abin da sanyi ya haifa, yau sanyi ne babban abokin gabarsa.

Akwai kuma wata asara da ba ta bayyana a takardar ciniki ta daren. Hunturu shi ne lokacin gyara. A watannin da gidan wasa ke rufe ne ake kwance taragai ɗaya bayan ɗaya, a binciki ƙarafa ko sun tsage, a sauya katakon layin da ya gaji. Jirgin da ya yi aiki har 31 ga Disamba ya rage wa makanikai makonni da dama kafin buɗewar Afrilu. Wannan ma yana daga cikin dalilan da ke sa a zaɓi jirgi ɗaya ko biyu a bar sauran su huta.

To in jiragen kaɗan ne ke tafiya, ina ribar take? Tana wurare biyu. Na farko, cinikin cikin gida: abinci, da shayin cakulan mai zafi, da tsarabar Kirsimeti, da hayar takalman sulu, da kuɗin ajiye mota. A 2023 Cedar Fair ya karɓi baƙi miliyan 26.7, ya tara dala biliyan 1.8, kuma kaso mai tsoka na wannan kuɗi ba daga tikitin shiga ya fito ba. Na biyu, katin shekara. Fiye da rabin masu shiga irin waɗannan gidaje suna riƙe ne da katin da aka biya tun gaba. Ƙara wata guda a kan kakar yana ƙara wa katin daraja, yana ba kamfani hujjar ɗaga farashinsa, yana kuma kawo mutane ƙofa daidai lokacin da ake sayar da katin shekara mai zuwa. Kuɗin da ya shigo a Disamba kan hidimar da za a yi a Yuli tamkar rance ne marar ruwa.

A Turai wasu sun bi wata hanya dabam: maimakon su jira kasuwa, sai su ɗauki jarin su kai mata. Jirgin Olympia Looping na ƙasar Jamus, mai zobba biyar da layin mita 1,250, wanda ya fara aiki a birnin Munich a 1989, ana kwance shi ne a loda a manyan motoci. A 2016 ya fara zuwa bikin hunturu na Hyde Park a birnin Landan, inda sanyi bai kai na Ohio ba, kuma kowane mai hawa yakan biya kuɗinsa a kan kowane zagaye.

Shekarun baya-bayan nan sun nuna iyakar dabarar a Amurka. Ranar 1 ga Yulin 2024 Cedar Fair da Six Flags suka haɗe suka zama kamfani guda mai gidajen wasa 42. A 2025 sabon kamfanin, wanda ke fama da nauyin bashi da raguwar baƙi, ya soke bukukuwan hunturu a Kings Dominion ta Jihar Virginia, da Six Flags Great Adventure ta New Jersey, da Six Flags Over Georgia, yana mai cewa zai mai da hankali ga ainihin kakarsa. Ya kuma rufe Six Flags America ta Jihar Maryland baki ɗaya a watan Nuwamba na wannan shekara. Kings Island dai ya gudanar da nasa bikin.

Waɗanda irin wannan shawara ta fi shafa ba masu hannun jari ba ne. Ɗalibai ne da sauran ma'aikatan wucin gadi da ke dogara da albashin Disamba, da mawaƙa da 'yan wasan da ake ɗauka domin bikin, da masu otal da gidajen abinci na kewaye, da kuma iyalan da suka sayi katin shekara da zaton zai kai su har Kirsimeti.

Darasin da ke ciki ga duk mai jarin da ke aiki da yanayi a bayyane yake. Tsawaita kaka yana biya ne kawai inda jama'a ke da yawa a kusa, inda suka mai da zuwan al'ada, kuma inda kuɗin buɗe ƙofa bai haura abin da za a tara ba. Ga mai niyyar hawa kuwa, shawarar ma'abota wasan ita ce ya duba hasashen yanayi kafin ya bar gida, ya rufe kunnuwa da hannuwa, kuma ya nufi jirgin tun da aka buɗe ƙofa, kafin ma'aunin zafi ya yanke hukunci.