Raspberry Pi: kwamfutar da aka ƙera don yaro ya taɓa ba tare da tsoro ba

Girmanta bai wuce na katin banki ba, kuma ba ta zuwa da allon kallo ko akwatin rufi. Duk da haka, da ita ɗalibai da masu sha'awar haɗa kayan lantarki ke ƙera abubuwan da a da sai manyan masana'antu.

A shekarar 2006, wani malamin jami'ar Kambirij ta ƙasar Ingila, mai suna Eben Upton, ya lura cewa ɗalibai masu neman shiga fannin ilimin kwamfuta sai raguwa suke yi, waɗanda ke zuwa kuma ba su kai na da ƙwarewa ba. Yaran shekarun 1980 sun tashi da ƙananan na'urori irin su BBC Micro, waɗanda in an kunna su ba su yin komi sai an rubuta musu umarni. Waɗanda suka biyo bayansu kuwa sun tarar da kwamfuta mai tsada a ɗakin maigida, an kuma gargaɗe su kada su kuskura su buɗe cikinta. Sun iya aiki da ita, amma ba su san yadda take aiki ba.

Upton da abokan aikinsa suka yanke shawarar ƙera wadda arharta za ta sa ko yaro ya ƙone ta uba ba zai yi asarar albashin wata ba. Ranar 29 ga Fabrairu 2012 aka fitar da Raspberry Pi kasuwa a kan dalar Amurka 35, wato ƙasa da jikka 20 na kuɗin sefa a lokacin, ban da sufuri da duwan. Dubu 10 aka ƙera da farko, amma cikin kusan shekara guda an sayar da miliyan ɗaya. A 2015 aka fitar da ƙanwarta, Pi Zero, a kan dala 5, har ma aka manna ta kyauta a bangon wata mujalla.

Sirrin yana ga allurai

Mai ita zai haɗa ta da telebijin, ya sa mata katin ajiya irin na salula, ya ba ta wuta da caja mai bolt 5. Amma abin da ya bambanta ta da kwamfutar ofis shi ne jerin allurai 40 da ke gefenta. Ta nan take jin abin da ke faruwa a waje, ta nan kuma take ba da umarni. Misali, a soka ma'aunin danshi cikin ƙasar lambu, a haɗa shi da waɗannan allurai, a rubuta layuka kaɗan cikin harshen Python: in ƙasa ta bushe famfo ya tashi, in ta jiƙe ya tsaya. Da wannan dabara ake haɗa ƙararrawar da ke sanar da mai kanti in an buɗe ƙofa da dare, ko ma'aunin da ke rubuta zafin ɗakin ajiyar kaya awa bayan awa.

Wasu sun wuce nan. A 2012, Dave Akerman na Ingila ya ɗaure ɗaya a jikin balan-balan, ta yi sama kusan kilomita 40 tana aiko da hotunan duniya. A Holan, Michael Teeuw ya ɓoye allon kallo a bayan madubi, mai duba fuskarsa da safe ya riƙa ganin lokaci da yanayin gari. A Disamban 2015 kuwa, na'urori biyu suka isa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, inda ɗan sama-jannati Tim Peake ya gwada umarnin da ƴan makarantar Birtaniya suka rubuta.

Wasa ya zama kasuwa

Abin da aka yi don yara bai daɗe ba ya ja hankalin masana'antu, suka shiga sa shi cikin injina da allunan talla. Ya zuwa 2024 an sayar da fiye da miliyan 60, kuma mafi yawan cinikin na kamfanoni ne. Lokacin da aka yi ƙarancin kayan haɗin lantarki a duniya, daga 2021 zuwa 2023, kamfanonin aka fara bai wa kaya, masu wasa da ita a gida suka sha jira, ƴan kasuwa kuma suka ninka kuɗinta. Da yawa sun yi gunagunin an mance da waɗanda aka ƙera ta dominsu.

Amma darasin farko yana nan daram. Mai gyaran rediyo na bakin kasuwa bai ƙware da kallo ba, sai da ya kwance, ya ɓata, ya sake ɗaurawa. Uban da ya saya wa ɗansa salula mai tsada ya samar wa masu ƙera ta sabon mai saye ne kawai. Wanda ya ba shi ƙaramin allo da waya da batir, ya kuma haƙura in hayaƙi ya tashi sau ɗaya ko biyu, shi ne ya ɗora shi bisa hanyar sana'a. Icce, in ji Hausawa, tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.