Inda Baƙo Zai Kama Ɗaki a Ikko

Kowace shekara idan aka tashi daga wannan kwaleji, akan sami waɗansu daga cikinmu da aikin koyarwa kan kai su Kurmi, galibi kuwa Ikko, watau Legas. Tambayar da mutum kan fara yi ita ce, "Ina mutanenmu suke zaune?" Ni a ganina akwai wadda ta riga ta. Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne, "Daga ƙofar ɗakina zuwa ƙofar makaranta, awa nawa ne da safe?" Bari in faɗi dalili.

Ikko gari ne wanda ruwa ya raba biyu. Akwai Tsibiri, inda tsohon gari yake, tare da Ikoyi da Victoria Island da Lekki. Akwai kuma tudu, inda Yaba da Surulere da Mushin da Ikeja da Agege suke. Gadoji uku ne manya suka haɗa su: gadar Carter wadda aka fara ginawa a 1901, da gadar Eko ta 1975, da Gada ta Uku wadda aka gama a 1990, tsawonta kusan kilomita 12. Manyan bankuna da ofisoshi da yawa suna wajen Tsibiri, amma yawancin masu aiki a cikinsu a tudu suke kwana, gama haya ta fi sauƙi a can. To, kowace safiya sai dukan wannan jama'a ta nufi gadojin nan, kamar an zuba hatsi a mazurari. Da yamma kuma ta juyo. Wanda ke kwana a Ikorodu yana aiki a Tsibiri, tun kafin asuba yake barin gida.

Akawu in ya makara, ya iske takardunsa suna jiransa. Malami kuwa ba haka ba ne. Ƙarfe takwas yara suna cikin aji, ko ya zo ko bai zo ba. Wanda ya yi awa biyu a matse cikin danfo, watau ƙananan motocin hayan nan masu ruwan ɗorawa, da wane ƙarfi zai tsaya gaban yara hamsin? Ga kuma littattafan da zai duba da dare. Saboda haka ɗaki mai tsada kusa da makaranta sau da yawa ya fi mai araha a nesa riba, in aka haɗa da kuɗin mota na wata. In ba a samu kusa ba, sai a nemi inda da safe mutum zai riƙa fita bayan gari sa'ad da jama'a ke shiga. Kada kuma a dogara ga acaɓa, domin a 2022 gwamnatin jihar ta hana shi a Ikeja da Surulere da Apapa da Tsibiri da waɗansu wurare. Jirgin ƙasan cikin gari ya kawo sauƙi. Wanda aka buɗe a 2024 yana tashi daga Agbado, ya bi ta Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba, har Oyingbo. Wanda makarantarsa take kan wannan layi, to, ya yi sa'a.

Yanzu sai maganar mutanenmu. Suna nan da yawa, tun kaka da kakanni. A Agege cinikin goro ne ya zaunar da su, ga kuma mayankar Oko-Oba inda ake sauke shanu. A Mile 12 akwai kasuwar da tumatir da albasa da tattasai na Arewa ke sauka. Akwai Idi Araba kusa da asibitin koyarwa, akwai Obalende inda tsofaffin sojoji suka zauna tun zamanin Turawa. A waɗannan unguwanni baƙo ba ya rasa tuwo, ba ya rasa mai yi masa jagora, in kuma magana ta taso akwai Sarkin Hausawa. Af, ɗan'uwa, ko kai Batangale ne ko Birom ko Bachama, da ka haye Kwara ka zama Bahaushe, "aboki" za a ce da kai, kada ka ɓata rai. Amma zaman unguwar akwai nauyinsa. Ɗakin mai albashi ba ya rabuwa da baƙi daga gida, kuma in rikicin kabila ya tashi, kamar na Idi Araba a 2002 da na Mile 12 a 2016, nan yake fara ci. Abin da nake gani ya fi kyau, mutum ya sauka wurin ɗan'uwa mako biyu ko uku, ya riƙa zuwa makaranta daga nan, har ya gane hanya da ƙafarsa, sa'an nan ya kama nasa.

Sa'ad da za a duba ɗaki, in da hali a je da damina, cikin watan Yuni ko Yuli. Ƙasar Ikko kwari ce, unguwar da ke da kyaun gani da rani takan zama tafki in ruwa ya sauka, har a Lekki inda masu kuɗi suke. In da rani aka je, a dubi gindin bango daga waje. Ruwa yakan bar shaidarsa, ko da an shafa sabon fenti. A tambayi ruwan sha kuma, domin gidaje da yawa famfon gwamnati bai kai gare su ba, sai rijiyar burtsatse ko sayen jarka. Har Yarabawa ma "mai ruwa" suke kiran mai turo kurar nan. A tambayi wuta: kowane ɗaki da mitarsa, ko kuwa kuɗin ake rabawa? Gidajen da ɗakuna ke fuskantar juna, ana tarayya a kan madafa da makewayi, su suka fi araha, amma a ƙirga mutum nawa ne za su yi layin wanka da asuba.

Saura kuɗi. A Ikko ba wata-wata ake biyan haya ba, shekara ake nema a dunƙule. Dokar haya ta 2011 ta hana mai gida karɓar fiye da shekara guda daga sabon ɗan haya, ko da yake ta ware Ikoyi da Victoria Island da Apapa da unguwar Turawa ta Ikeja. Bayan haya akwai la'adar dillali, da kuɗin rubuta yarjejeniya, da na ajiya domin ɓarna, waɗanda in an tara su sukan kai wani babban kaso na hayar kanta. Akwai kuma 'yan damfara masu ba da ɗaki ɗaya ga mutum biyar, su karɓi kuɗi su ɓace. Kada a ba dillali ko kwabo sai an ga mai gida ido da ido, an tambayi 'yan hayan da ke ciki ko shi ne, a kuma karɓi rasit mai ɗauke da sunansa da lambar gidan da ranar da hayar za ta ƙare.