Daga Filin Unguwa Zuwa Jami'a: Me Ake Dubawa a Wajen 'Yar Ƙwallo?

Duk wanda ya ratsa Muciya ko Samaru da la'asar zai tarar da filaye cike da samari ana buga tamaula, ƙura na tashi. Da wuya ya ga 'yan mata. Kaɗan ɗin da ke bugawa a makarantun Sabon Gari, da yawansu kan rataye takalmi kafin su gama sakandare, domin iyaye na ganin ƙwallo da karatu ba sa ga maciji. Sai dai akwai ƙasar da ƙwallon ce ke biya wa yarinya kuɗin jami'a, kuma 'yan Nijeriya sun ci moriyar hakan.

A shekarar 1972 Amurka ta kafa dokar da ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati nuna bambanci tsakanin maza da mata, har a fagen wasanni. Daga nan jami'o'i suka shiga kafa ƙungiyoyin mata, suna ba da tallafin karatu ga waɗanda suka ɗauka. Yarinya kan shiga kulob tun tana ƙarama, masu horarwa na jami'o'i kuma suna bin gasa gasa suna rubuta sunaye. Hukumar wasannin jami'o'insu, wato NCAA, ba ta yarda manyan jami'o'i su fara magana da yarinya ba sai ranar 15 ga Yuni bayan ta gama aji na goma, kusan daidai da SS1 a nan. Ke nan tun tana da shekara 14 ko 15 ake kallonta ba ta sani ba.

Bayan gasar cin kofin duniya ta 1999, inda Super Falcons suka kai zagayen ƙasashe takwas, Mercy Akide da Florence Omagbemi sun sami gurbi a Kwalejin Milligan da ke jihar Tennessee. A 2023 Deborah Abiodun ta tashi daga Rivers Angels zuwa Jami'ar Pittsburgh. Wadda za ta fi burge ɗaliban kimiyya ita ce Michelle Alozie, haifaffiyar Amurka, wadda ta karanci ilimin halittu a Jami'ar Yale, ta yi aikin binciken cutar daji a wani asibitin yara a Texas, sannan ta ci ƙwallon da ta kai Nijeriya wasan ƙarshe na kofin Afirka a Maroko a 2025. Babu 'yar Arewa a cikin waɗannan, ko da yake akwai ƙungiyoyi irin su Nasarawa Amazons a Lafiya da Adamawa Queens a Yola. Batun sutura ma ya daina zama hujja, tunda an halatta wasa da hijabi a 2014.

To, me ake dubawa? Iya taka leda kashi ɗaya ne kurum. Na biyu shi ne jiki, kuma a nan ne malamin kimiyya ya fi kowa abin faɗi.

A tsakiyar gwiwa akwai wata jijiya mai ɗaure ƙashin cinya da na ƙwauri, wadda likitoci ke kira ACL. Bincike ya nuna mata 'yan wasa sun fi maza tsinka ta, ninki biyu ko fiye. Galibi ba karo ke jawo haka ba. Yarinya ce ke dirowa daga tsalle ƙafa a miƙe, ko ta juya da sauri gwiwa ta karkata ciki. Idan ta tsinke, sai tiyata da jinyar wajen wata tara, abin da ya fi ƙarfin yawancin gidaje. Amma rigakafin ba ya cin ko sisin kwabo. Wani gwaji da aka yi a Norway kan 'yan mata masu shekara 13 zuwa 17, aka wallafa a 2008, ya nuna motsa jiki na minti 20 kafin wasa, mai koyar da dira gwiwa a lanƙwashe da ƙarfafa tsokar bayan cinya, ya rage rauni da kusan kashi ɗaya cikin uku. Abin takaici, horon unguwa bai wuce zagaye fili sau biyu a hura usur ba.

Sai jini. Sinadarin ƙarfe shi ne ginshiƙin himogulobin mai ɗaukar iskar oksijin zuwa tsoka, kuma yarinya na rasa wani kaso nasa kowane wata ta hanyar al'ada. Shi ya sa mai shekara 14 zuwa 18 ke buƙatar miligiram 15 a rana, namiji sa'anta kuwa 11. Wadda ke haki tun kafin a tafi hutun rabin lokaci, sau da yawa ba raggonci ba ne, ƙarancin jini ne. Hanta da nama da wake da zogale suna taimakawa, musamman in an haɗa da lemo ko gwaiba. Shayi kuwa a kan abinci yana hana hanji tsotse ƙarfen.

Akwai kuma sikila. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya na ɗauke da jinin AS, kuma tun 2010 NCAA ta sa manyan jami'o'i su riƙa tantance wannan. AS ba ya hana wasa, amma mai shi na iya faɗuwa in aka matsa mata da gudu babu hutu babu ruwa, balle a zafin Maris da Afrilu na Zariya.

Kashi na uku takarda ce. Kafin yarinya ta buga wa jami'a a can, sai an tantance sakamakonta na sakandare, Turanci da lissafi da kimiyya na ciki. Wadda ta watsar da WAEC saboda kulob ta rufe wa kanta ƙofa. Iyaye kuma su yi hattara da dillalan da ke neman kuɗi da fasfo bisa alkawarin gurbi, domin kocin jami'a ba ya karɓar kuɗi kafin ya ɗauki 'yar wasa, kuma kowace jami'a na bayyana sunayen masu horarwarta a shafinta na intanet, inda malamin wasanni zai iya bincikawa cikin minti biyar.